Maɓallin da Ban Taɓa Dannawa Ba

Tayoyi na ta juyawa cikin dusar ƙanƙara, jif ɗina ta ƙi gaba ta ƙi baya. Tun daga Glenwood na taso zuwa duwatsun Boone, a nan Amurka, ɗaukar hoto, bayan na cika baki cewa ba inda motata ba ta shiga.

Sai ga wata tsohuwar Baturiya da karenta. Ta leƙo, ta nuna wani maɓalli kusa da giya.

"Ɗana, ka danna wannan?"

"Mama, ba na hita ba ne?"

Ta miƙo hannu ta danna. Tayoyi huɗu suka kama, mota ta fita sumul. Ashe maɓallin da ke sa duka tayoyi huɗu su ja mota ne.

Shekara biyu ina tuƙa ta, wallahi! Don kunya ko kyamarar ban ciro ba, na juyo gida.

Jama'a, wa ya taɓa irin wannan? Ku faɗa in samu sauƙi.