Jan Biro a Takardar Uwata

Aikina buɗe ƙofar ruwa ne a madatsar Tiga, in sakar wa masu noman rani, in rufe idan sun ƙoshi. Bokona a firamare ya tsaya. Na faɗi wannan ne don a san irin mutumin da 'yata ta kawo wa ƙara.

Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwata nake kiranta. Tana aji uku na sakandare makarantarsu ta ce za ta tura ɗalibai uku Kano, su rubuta jarrabawar shiga makarantar kimiyya. Aka yi musu gwajin lissafi. Ta zo ta huɗu, da maki biyu kacal aka wuce ta.

Bayan la'asar ta same ni a zaure, ta ɗora mini takardar a gwiwa. Ita ta rubuta x + 3 = 7. Malamin ya soke da jan biro, ya rubuta 2x + 6 = 14 a gefe, ya hana ta maki biyar.

"Baba, abu ɗaya ne fa. Duk huɗu suke bayarwa."

"In abu ɗaya ne, me ya sa ban ga sun yi kama ba?"

"Ka san sikelin masu kifi? In ya daidaita, ka kwashe rabin na dama, ka kwashe rabin na hagu, zai karkata?"

"Ba zai karkata ba."

"To shi na yi. Don Allah ka raka ni wajensa, ran Litinin za a aika sunaye."

Na yi dariya na ce, "Lallai Uwata ta zama malamar malamai."

Ita ba ta yi dariya ba.

Gaskiyar magana, na fahimci zancen sikelin. Amma malamin nan ɗan alarammanmu ne, a gaban mahaifinsa na yi karatun allo a Bebeji. Mu an tashe mu ba a ce wa malami ya yi kuskure. Ko ka gani da idonka, sai ka sunkuyar da kai. Na kasa tunanin yadda zan shiga gidan nan in ce ɗansu bai duba takarda daidai ba. Na ce mata ta yi haƙuri, malam ya fi mu sani. Ta ce, "To, Baba." Ta ninke takardar gida huɗu. Ba ta sake tayar da zancen ba.

Da damina zazzaɓi ya kama ta. Kwana shida ta yi. Ba na cewa da ta tafi Kano da tana raye, kwananta ne ya ƙare. Abin da ke cin raina daban ne.

Bayan sadakar arba'in mahaifiyarta ta tsinci takardar a jakar makarantarta. Na kai wa wani injiniya a wurin aikinmu. Bai ma ajiye kofin shayinsa ba.

"Wa ya soke wannan? Raba na malamin biyu, ka ga nata ya fito. Ita ma ta fi shi gajarta hanya."

Ranar na je gidan malamin. Na cire takalmi, na gaishe shi, ya sake yi mini ta'aziyya. Na miƙa masa takardar. Ya duba ya gyaɗa kai.

"Eh, daidai ne. Ba haka yake a takardar amsar da nake bi ba, shi ya sa. Ga takardu tuli a gabana lokacin. Ai da kun zo da na gyara, ba wani abu ba ne."

Ba wani abu ba ne, in ji shi. Ya zaro jan biro daga aljihu, ya ba ta makinta biyar, ya sake tarawa. Ya ce da ta biyu za ta zo. Na karɓa da hannu biyu. Har godiya na yi masa.

A hanyar dawowa na lura da tazarar. Daga ƙofarsa zuwa tawa bai kai tafiyar da nake yi zuwa masallacin Juma'a ba.

Mahaifiyarta tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce ta ci."

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Ai ta faɗa maka."