Daren da Iya Ta Yanke Labarin Tanko da Maraƙi

Gidanmu yana wani ƙauye ne a gefen Kabo, kuma a lokacin ƙuruciyata babu abin da yake tara yaran gidan wuri guda kamar ɓarar gyaɗa. Idan an kammala girbi, bayan sallar isha'i, kakarmu ta wajen uba, wadda muke kira Iya, takan sa a hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, a zube gyaɗa a kan tabarma. Sharaɗinta ɗaya ne: wanda hannunsa ya daina aiki, ya tashi ya ba wani wuri. Ni ne babba a cikin jikokinta maza, saboda haka ni ne mijinta na wasa. Da ta hango ni sai ta ce, "Ga angon nan ya iso, ko ɗan gishiri bai riƙo mini ba." Ni kuma in ce na sake ta tun jiya. Ta ce sakin da aka yi da yunwa ba ya kama ta.

Idan mun natsu sai ta ce, "Ku ara mini kunnuwanku, in mayar muku da su cike." Mu amsa, "Mun ara miki, Iya."

A cikin labaranta babu wanda muke so kamar na Tanko, mutumin da bai taɓa cewa bai iya wani abu ba. Wata ranar kasuwa ya yi ado da babbar riga, ya biyo ta wata ruga, ya tarar da wata mata za ta tatsi saniya, maraƙi yana damunta. Ta ce, "Bawan Allah, ka iya riƙon maraƙi?" Tanko ya ce, "Ni? A tsakiyar garke aka yanke mini cibiya." Amma da yake manya ba sa tafiya sai hannuwansu a baya, sai ya ɗaure igiyar maraƙin a ƙugunsa, ya ƙulle ta tamau. Kare ya yi haushi, maraƙi ya zabura, ya nufi kasuwa da Tanko a bayansa.

Duk wanda ya gamu da shi sai ya ce, "Tanko, lafiya?" Shi kuwa ba ya yarda ya rage gaisuwa. "Lafiya lau! Ina gajiya? Yaya iyali? Ku gaida gida, uzuri ne da ni a gaba!" Har ya yi kiciɓis da surukinsa. Dole ya durƙusa. Ya kai gwiwa ƙasa, maraƙi ya ja shi a haka. A nan Iya takan ɗaga murya ta ce, "Baba, ina wuni," sannan ta yi ta rage ta, ta yi ta rage ta, har "yaya su Inna" ya fito kamar daga bayan gari.

Mukan yi dariya har mu kwanta a kan ɓawon gyaɗa. Ita kuwa ko murmushi ba ta yi. Kafin kowace maganar Tanko takan dakata, gyaɗa ɗaya a tsakanin yatsunta, sai ta ga mun ɗauke numfashi sannan ta fasa ta, ta saki maganar.

Na ji labarin nan har ƙarshensa ba sau ɗaya ba. Ƙanwata Laraba kuwa barci yakan kwashe ta tun Tanko bai bar ruga ba.

Da na kai shekara goma sha uku aka kai ni Gwarzo, gidan ƙanen mahaifina a Unguwar Tudu, don in zauna gaban wani malami. Bayan shekara uku na dawo ganin gida. Na sauke Alƙur'ani, na fara littattafan fiƙihu, kuma a raina na riga na zama abin da malamina ya shekara arba'in bai yarda ya zama ba. A daren da na iso na tarar Iya tana ba da labarin Tanko. Laraba ta yi wayo, idonta biyu, tana dariya har da hawaye. An kai daidai wurin suruki.

Na zo na tsuguna kusa da Iya, na rage murya yadda na ga malamina yana yi idan zai yi wa mutum nasiha. Na ce, "Iya, ki ji tsoron Allah. Wannan ƙarya ce kike shirya wa yara, kuma yawan dariya ba alheri ba ne ga zuciya. Shekarunki sun wuce wannan."

Babu wanda ya ji sai ita. Ta dube ni, ta ajiye gyaɗar da ke hannunta ba ta fasa ba. Ta ce, "To, Malam. Allah ya yafe mana." Ranar ta fara kirana Malam. Sannan ta yi tari, ta ce wa yara, "Hayaƙin nan ya shiga ƙirjina. Ku je ku kwanta." Laraba ta ce, "Iya, to ina maraƙin ya kai shi?" Ta ce, "Wata rana."

Ba ta sake ba da labari ba har ta rasu bayan damina biyu.

Karatu ya yi nisa kafin in gane girman abin da na aikata. Na ga yadda magabata suka bambanta ƙaryar da ake yi don a yaudari mutum da misalin da kowa ya san misali ne. Na ga cewa raha mai tsabta ba ta saɓa wa tsoron Allah. Na kuma ga cewa ladabi ga tsofaffi yana gaba da abin da na ɗauka ilimi. Na yi istigfari, na yi mata addu'a, amma ban faɗa wa kowa ba, shekara sama da hamsin.

Bara Laraba ta rasu. Ta bar ɗa, Nasiru, wanda yake shirya finafinan barkwanci a Kano. Ba zan ɓoye ba, idan aka tambaye ni sana'arsa nakan ce yana harkokinsa a birni, in sauya magana. Bayan sadakar arba'in ya zo ya same ni a zaure da hantsi, ya durƙusa, muka gaisa, ya daɗe yana juya hularsa a hannu.

Ya ce, "Kawu, na san ba ka son aikina. Amma akwai abin da babu mai ba ni sai kai. Umma ta sha ba mu labarin Tanko, kullum a wurin suruki take tsayawa. Ta ce Iya ciwon ƙirji ya hana ta ƙarasawa. Ina so in yi fim ɗinsa saboda ita."

Na ce, "Kai da kake ƙirƙirar labari, ƙarshe ne zai gagare ka?"

Ya ce, "Wallahi na gwada uku. Na jefa shi a kududdufi mutane suna ihu. Na sa matarsa ta kore shi. Na sa yara sun bi shi da waƙa. Duk wanda na karanta wa ya yi dariya, amma ni sai in ji kamar na zalunci mutum. Kawu, sa mutane dariya ba wuya ba ne, ko santsi ya kwashe ka za su yi. Wuyar ita ce a gama dariyar ba a raina mutumin ba. Shi ya sa nake hana 'yan wasana ko murmushi. Ina gaya musu, wanda ake wa dariya bai san abin dariya yake yi ba, shi mutuncinsa yake karewa da iyakar ƙarfinsa. Kuma kada ka yi gaggawar magana, ka bari mai kallo ya jira ta. To na iya kayar da Tanko. Yadda zan tashe shi ne ban sani ba."

Ina sauraronsa kunya tana rufe ni. Abin da tsohuwar nan take yi a gaban wuta, shi ne yaron nan yake bayyanawa dalla-dalla, bai taɓa ganinta ba. Kuma ya ba ni mafita da kansa: ciwon ƙirji. Da na ba shi ƙarshen na yi shiru, da babu mai sani har abada.

Na ce, "Nasiru, tari kam Iya tana da shi. Amma ba shi ya yanke labarin ba. Ni ne." Na faɗa masa komai, kalma da kalma. Ya sunkuyar da kai. Na so ya ce wani abu, ko da mai zafi ne.

Sannan na ƙarasa masa labarin. Maraƙi ya gaji ya tsaya a bakin rafi, inda babu kowa sai wata tsohuwa mai wanki. Riga ta yage, gwiwa tana jini. Tsohuwar ba ta tambaye shi ko lafiya ba. Ta ci gaba da wankinta. Tanko ya daɗe yana fama da ƙullin. Daga ƙarshe ya ce, a hankali, "Inna, ban iya kwance shi ba." Ta taso ta kwance, ta yafa masa zane a kan yagaggiyar rigar, ta bi da shi ta cikin karan dawa har bayan gidansa, yadda babu wanda ya gan shi. Washegari aka tambaye ta ko ta ga inda Tanko ya ƙare. Ta ce ita wanki ta je yi.

Nasiru ya share ido da hularsa. Ya ce, "A nan ba a dariya ke nan." Na ce, "A nan Iya takan bar mu mu yi shiru."

Bayan ya tafi na zauna ni kaɗai ina lissafin abin da ban taɓa lissafawa ba. Mahaifina mutum ne mai zafi. Da ya ji abin da na faɗa wa mahaifiyarsa, da ya tara gida ya wulaƙanta ni, wataƙila ma ya cire ni daga karatu. Kalma ɗaya ta ishe ta. Ta zauna da shi a gida ɗaya damina biyu, ana tambayarta me ya sa ta daina ba yara labari, tana nuna ƙirjinta. Duk wanda ya taɓa zama gabana ya ɗauki karatu, a ƙarƙashin wannan shirun nata ya zauna.

Na yi wa mutane wa'azi a kan suturta aibin ɗan'uwa sau da yawa, da nassi da sharhi. Ban taɓa gaya musu a wurin wa na fara ganinsa ba, domin sai na faɗi wanda aka suturta. Yanzu na rubuta shi da hannuna. Allah ya jiƙan Iya, ya suturta ta ranar da babu mai suturtawa sai Shi.