Kitson da Ya Buɗe Min Baki

Ɗazu ina yi wa jikata kitso ta tambaye ni tabon ƙunar da ke hannuna. Sai na tuna ƙuruciyata a Maigatari, a alif ɗari tara da saba'in da wani abu.

Kawuna ke riƙona, shi ya ɗora min wuƙa mai zafi don akuya ta ɓata. Hedimasta ya gani, ya tara mai unguwa da ɗan sanda da malamin asibiti. Kowa tambayata yake, ina durƙushe, kai a ƙasa. Ina yarinya za ta kai ƙarar babba a gaban manya?

Sai ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da ta zo daga Gumel ta fitar da su. Ta zaunar da ni, ta fara tsefe min kai.

"'Yata, ba sai kin kalle ni ba. Faɗa wa bango, ni kitso nake."

Na faɗa wa bango komai.

Ta fita ta ce musu, "Na ji. Kada wanda ya sake tambayarta." Aka sa min magani, ɗan sanda ya kai Kawu gaban alƙali, mai unguwa ya miƙa ni wurin kakata.

Ku fa, kuna yara, wa ya taɓa sauraronku bai tsare ku da ido ba?