Agogon da Ya Tona Asirin Kabo Birkila

Kabo mutumin Babban Duhu ne. Da damina manomi, da rani birkila, kuma duk wanda ya taɓa yin gini tsakanin Safana da Batsari ya san hannunsa. Da ɗaukar kwanon siminti ya fara tun yana saurayi, har ya kai ba a jera bulo na farko sai an jira shi. Aibinsa ɗaya, ba ya hutawa. Da matarsa ta rasu ma abin ya ƙaru, sai a gan shi bisa tsani rana na dukan ƙeyarsa, abokan aiki suna inuwa.

Bara aka ɗauke shi ginin wasu azuzuwa a Batsari. Injiniyan aikin, wani matashi mai suna Haisam, ya zo da agogunan roba ya ɗaura wa kowa a hannu. Ya ce suna auna bugun zuciya da zafin jiki su aika wa wayarsa, in mutum ya jigata kuma su yi ƙara.

"Injiniya, lokaci fa, yana nunawa?" in ji Kabo.

"Lokacin hutu kawai, Baba."

Na Kabo ya fi na kowa kuka. Ranar da ya ishe shi, ya cire ya rataya a ƙusa. Haisam ya ga bugun ya ɗauke a waya, ya sheƙo a guje yana salati, sai ya tarar da mutumin yana shafen bango yana waƙa. Kunya ta kama Kabo. Daga ranar ya riƙa saukowa ya sha ruwa in agogon ya kira, ciwon kan da yake komawa gida da shi kuma ya yi sauƙi.

Sai wani abu ya ɗaure wa Haisam kai.

"Baba, kullum bayan azahar kana zaune a inuwa, amma zuciyarka na gudu kamar ka ɗauki buhu."

Sagiru, birkila tsaran Kabo, ya tuntsire da dariya. "Injiniya, bar duba waya. Dubi wadda ke sauke kular abinci."

Tayyiba ce, bazawarar da ke kawo musu shinkafa da wake. Tana miƙa wa Kabo kwanonsa, agogon ya saki ƙara.

"Malam Kabo, lafiya abin hannunka ke kuka?" in ji ta.

Ya cire hula ya rufe shi, wurin ya kaure da dariya. Ita ma ta ja mayafi tana murmushi.

Duk da haka Haisam ya raka Kabo asibiti, aka sami jininsa ya ɗan hau, aka ɗora shi kan magani. Sagiru kuwa shi ya shige gaba zuwa gidan yayan Tayyiba, aka ɗaura aure bayan ƙaramar salla.

Yanzu Tayyiba ta rage gishiri a girkinta saboda maigida. Leburori na ta ƙorafi, Kabo kuwa cewa yake duk wanda bai gamsu ba ya taho da nasa a aljihu.