Ranar da Fanka Ta Kwashe Mini Filatinam

A shekarar da nake binciken digiri na biyu, malamina ya ba ni aikin da har yau na kasa yi wa mahaifiyata bayaninsa. Wasu bututu ne na kabon, sirara ƙwarai, in ka gan su a kwalba sai ka ce baƙin tukunya ne. Aikina in dasa musu ƙananan ƙwayoyin filatinam, wani ƙarfe mai tsadar gaske, su riƙa hanzarta sarrafa iskar oksijin a cikin batirin da ke aiki da haidirojin. Tun daga nan tafiyata ta canza. Ko gaisuwa aka yi da ni sai na san yadda na sako filatinam a ciki.

Mako uku na yi a kan kashin farko. Na dafa bututun a asid, na yi ta ɗauraya, na sake dafawa da gishirin filatinam, na tace, na busar. Baƙin garin da ya fito bai kai rabin cokalin shayi ba.

Mai kula da ɗakin gwaje-gwajen wata dattijuwa ce 'yar Bogoro, kowa Madam yake ce mata. Da ta ga zan kankare garin daga takardar tacewa, ta ce in fara kashe makunnin fanka. Na ce mata ai tun safe babu wuta, na haɗa da murmushin wanda ya sha karatu. Ta juya ta fita.

Ina tsakiyar kankarewa aka kawo wuta. Kafin in kai hannu in rufe, garin ya tashi, rabi a fuskata, rabi a farar rigata. Madam ta dawo ta same ni durƙushe ina lalube a ƙasa.

"Malam, sannu," ta ce, ta miƙo mini tsumma.

Haka na hau acaɓa zuwa Ƙofar Dumi. Baffana, maƙerin azurfa, yana zaune a bakin shagonsa, ya tambaya ko sayar da gawayi na fara. Na kwashe labarin na faɗa masa, ina ta ɗora wa masu wuta laifi. Sai da na gama ya ce ranar farko da ubansa ya zaunar da shi a maƙera, bai ba shi guduma ba, rufe taga ya koya masa kafin a buɗe garin azurfa.

"Ku a jami'a sai a aji nawa ake koyar da wannan?"

Kashi na biyu wata guda ya ci. Da aka aika da shi wani gari aka duba a babban madubin ƙara girman abu, sai ga ƙwayoyin sun dunƙule kamar curin fura, domin na yi gaggawar ƙara masa zafi. Na uku ne ya yi aiki, shi ma ba can ba. Malamina ya jima yana kallon sakamakon, sannan ya ce in rubuta shi yadda yake.