Gurbin Aikin Mai Takaba

A shekarun da na yi ina ɗaukar ma'aikata a wata ƙungiya mai kula da lafiyar mata da yara a Rano, babu ranar da na tsana kamar Litinin. A ranar ne manhajar da muke aiki da ita take tura wa shugabanmu rahoto a Kano. Duk wanda ya nemi aiki yana ciki, da matakin da ya kai, tun daga cike fom, zuwa intabiyu, zuwa ranar kama aiki. In mutum ya daɗe a mataki ɗaya, sai layinsa ya tashi daga kore ya koma ruwan ɗorawa, daga nan ja. Shugaban nan kuwa, Allah ya shirye shi, launin kawai yake dubawa ya ɗauki waya.

"Hajiya, me ya sa Rano take da nawa haka?"

Ban je Makka ba a lokacin, amma haka yake kirana in zai yi faɗa.

A wata damina muka nemi mace ɗaya da za ta riƙa zagaya ƙauyukan Kibiya tana duba masu ciki. Cikin waɗanda suka zo intabiyu akwai wata 'yar garin Tarai, siririya, ba ta da yawan magana. Ta yi makarantar koyon aikin lafiya, kuma tana jin Fulatanci, don haka rugage ba za su gagare ta ba. Duk wanda ya zauna a teburin nan ya yarda ita ce. Na kira ta na gaya mata, ta yi ta godiya. Kafin ranar da za ta kama aiki, mijinta ya faɗi da babur a hanyar kasuwa, Allah ya yi masa rasuwa. Ya bar ta da yara biyu da mahaifiyarsa tsohuwa, da 'yar gonar da ba ta kai su ko tsakiyar rani.

Na je gaisuwa. Na same ta a ƙuryar ɗaki kan tabarma, da carbi a hannu. Da zan tafi ta riƙo bakin mayafina ta ce, "Anti, aikin nan fa, yanzu shi ne kawai."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Da na fito tsakar gida na durƙusa gaban surukarta, na ce, "Inna, malamai sun ce mai takaba tana iya fita da rana in akwai larura."

Tsohuwar ta dube ni ta ce, "'Yar nan, a gidan nan ba a taɓa yi ba. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, a ga matarsa a bayan babur tana bin ƙauyuka? In ta fita takaba, ga ta ga ku."

Ban ja da ita ba. Ɗanta ne ya mutu.

To, manhaja ba ta san takaba ba. In za ka rufe sunan mutum, dalilan da ta tanada su ne ya ƙi, ko ba a same shi ba, ko ya samu wani aikin. Wurin da za a ce a dakata babu shi. Layinta ya yi ja, ya ja ofishin Rano gaba ɗaya zuwa ƙasan rahoto. Sai na koyi dabara: in na mayar da ita matakin intabiyu, lissafin yana farawa daga farko, ta koma kore. Haka na riƙa kai ta ina dawo da ita kamar tukunyar da ake gudun ta kama. Na gaji da abin, wallahi.

Ranar da shugaban ya gano, bai ma ɗaga murya ba.

"Hajiya, sau nawa za a yi wa mace ɗaya intabiyu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, takaba take yi. Saura kaɗan."

Ya ce, "Ni ma Musulmi ne, na san takaba. Amma masu ɗaukar nauyin aikin nan rahoto suke gani. Masu cikin kuma ba za su jira ta ba."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganarsa ta ƙarshe gaskiya ce. Daga Kano ya rufe sunanta da kansa, aka ɗauki wadda ta zo ta biyu, yarinyar kirki, ba ta da laifin komai. Manhaja ta tura saƙon ban haƙuri da Turanci zuwa imel ɗin da mai shagon kwamfuta ya buɗe mata ranar cike fom, wanda na san babu mai dubawa. Don haka na kira wayarta. Ƙanin mijinta ne ya ɗauka, wayar tana hannunsa tun rasuwar. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, ya ce, "To, Anti, za a gaya mata."

Ashe ba a gaya mata ba. Manyan gidan sun zauna sun ce ba a ƙara wa mai takaba wani baƙin cikin, a bari ta fita tukuna. Da ta fita kuma kowa ya riƙa jiran wani ya fara.

Wata safiya bayan an cire amfanin gona, na ji sallama a ƙofar ofis. Ita ce, ta ƙara ramewa, ta sa sabuwar atamfa, da lalle a hannu, da 'yar kular abinci a leda.

"Anti, na fita. Ga ni."

Na ba ta kujera, na gaya mata yadda aka yi, ban rage komai ba. Ba ta yi kuka ba. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Na ce in wani gurbi ya fito zan neme ta, alhali ni da ita mun san ba kullum yake fitowa ba. Ta miƙe, ta kai bakin ƙofa, sai ta tsaya.

"Anti, don Allah ko zan iya zama a nan zuwa la'asar? Yara sun rako ni har bakin titi. Na ce musu yau zan fara aiki."