Zoben Wa Ke Sama a Katin Auren Auta

Shin zobban nan biyu na jikin katin a sarƙe suke da gaske, ko ido kawai suke ruɗa? Har yau ban sani ba, kuma wanda muke gardamar da shi ya riga mu gidan gaskiya. Hawaye nake yi ina faɗar wannan, autarmu tana rubutawa tana dariya. Duka biyun sun dace da mahaifinta.

Da aurenta ya matso, ita malamar lakkwal ce, wato makarantar boko, a Dungas, ta ce sai an buga katin gayyata mai zobba biyu, irin na mutanen birni. Malam, maigidana, ya ce a zamaninmu goro ake rabawa kowa ya zo. Amma da ya ji a Magarya za a buga, ya ce ba za a zana komai da sunan gidansa ba sai yana zaune a wurin. Na bi shi, don na san halinsa.

Mai shagon wani mutum ne mai sanƙo da haƙuri. Ya zaunar da mu gaban ordinatar, wato kwamfuta, ya tura wani ɗan abu mai wutsiya a kan tebur, sai ga zobe ruwan zinariya a cikin gilashin. Ya taɓa shi, zoben ya haifi ɗan'uwansa. Ya jawo ɗaya ya ɗora a kan gefen ɗayan.

Malam ya ce, "Wanne ne na ango?"

"Baba, duk wanda ka so."

"Na dama. Ya zauna a sama."

Na ce, "Malam, 'yarka fa ce amaryar."

"Ke, 'yar tsohuwa, tsarin gida nake gyarawa."

Mai shagon ya ce zobban a wuri biyu suke haɗuwa. Kafin su shiga juna, sai ya yanki ɗan guntu daga na hagu ya hawar da shi sama a mahaɗa ɗaya. Nan wannan ya hau, can wancan ya hau.

Malam ya miƙe tsaye. "Yanka? Zoben aure za ka yanka tun ba a shafa fatiha ba? Bar shi lafiyayye, na ango a sama ko'ina."

Mutumin bai yi musu ba. Ya kama na damar da ɗan abin nan ya ja, sai zoben ya zame sumul ya tafi bakin gilashin, ya bar na amarya shi kaɗai.

Na ce, "To ga angonka can ya kama hanyar Kano."

Malam ya ce hannun mai shagon ne ba kyau, ya karɓi abin da kansa. Ya danna ya ja da ƙarfin mai janyo guga, zoben ango ya miƙe ya baje kamar faifan da jaki ya zauna a kai. Wata mata da ta zo ɗaukar hoto ta fita waje don dariya. Mai shagon ya taɓa maɓalli biyu, zoben ya koma yadda yake.

Malam ya daɗe yana kallon maɓallan. Ya ce, "Wannan mai maido abin da ya lalace, ana sayar da shi daban?" Na yi dariya a ranar. Yanzu kullum sai na tuna da shi.

Ƙarshe ya yarda a yanka, da sharaɗin zai juya baya. Ya juya yana kallon bango yana salati har aka gama. Da aka miƙo katin ya kanga shi a rana, ya kankare mahaɗar da farce, bai ga tabo ba. Ya ce an cuce mu, ba a yanka komai ba, ido aka rufe mana. Na ce na ga yankan da idona. A kan wannan muka yi ta yi har gida, har bayan biki, har damina ta wuce.

Da ciwo ya kwantar da shi, katin na ƙarƙashin matashinsa. Wata hantsi na kawo masa kunu, ya kasa sha. Ya laluba ya zaro katin, ya ɗora yatsansa a mahaɗar sama, sannan ya saukar da shi zuwa ta ƙasa. Na sunkuya saboda muryarsa ta yi ƙasa.

Ya ce, "'Yar tsohuwa, wannan ta ƙasan na bar miki, naki ya hau. Amma ta saman tawa ce, kada ki gaya wa mutane wani abu daban."